Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Zaɓen Magajin Garin Gure?

Tambaya: Ni ɗan Gure ne, ina fataucin kanwa da dabino tsakanin Gidigir da Damagaram. A zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshen 2020 na bi layi na jefa ƙuri'ata, amma ban ga inda aka ce ga ɗan takarar magajin gari ba, jam'iyya kawai na zaɓa. Da sakamako ya fito a rediyo sai na ji ana ta lissafin kujeru. Bayan watanni aka ce ga sabon magajin gari. Wa ya zaɓe shi? Yanzu kuma an ce kansilolin ma babu su. Ina ƙuri'armu ta tafi?

Daga wani mai karatu a Gure, jihar Damagaram.

Amsa: Ba kai ka zaɓi magajin gari ba, kuma ba wanda ya yi maka coge a nan, haka dokar take a lokacin. A Nijar, kafin a rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024, talaka kansiloli yake zaɓa, su kuma kansilolin su shiga ɗaki su fitar da magajin gari daga cikinsu. Zaɓe biyu ne ke nan: na rana, wanda kowa ke gani, da na cikin zaure, wanda mutane ƙalilan ke yi. Yawancin gardamar da ake yi a majalisar shayi bayan zaɓe ta samo asali ne daga ɗaukar na farkon a matsayin shi ne duka.

Ranar da ka bi layin nan ita ce Lahadi 13 ga Disamba 2020, mako biyu kafin zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa. Kuma sau biyu ka jefa: ɗaya ta majalisar ƙaramar hukumarka, ɗaya ta majalisar jihar Damagaram. A ƙasar baki ɗaya ƙananan hukumomi 266 ne suka yi zaɓe a ranar. Gundumar Gure tana da shida daga ciki: ita Gure kanta, wadda ake lissafawa ta birni, sai Alakos, Bune, Gamu, Gidigir da Kelle. Tasker da can a ƙarƙashin Gure take, amma tun 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Kowace daga cikin shidan nan ta sami majalisarta da sakamakonta, don haka wanda ya ce "jam'iyya kaza ta ci Gure" sai a tambaye shi wace Guren yake nufi, garin ko gundumar.

A lokacin, yawan kujerun majalisa yana bin yawan jama'a. Mafi ƙanƙanta 11, kuma a ƙaramar hukuma ba ya wuce 25. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunaye, kowane ɗan takara da mai maye masa gurbi idan ya rasu ko ya sauka. Doka ta kuma tilasta a sa mata: kason da aka fara da kashi 10 cikin 100 a shekarar 2000, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, ya kai 25 a 2019. Shi ya sa a 2020 jam'iyyu suka yi ta bin gidaje suna lallashin mazaje su bar matansu su shiga jeri.

Yanzu ga lissafin da ka ji a rediyo. Zan ƙirƙiro misali don ya fito fili, ba alƙaluman wani gari ba ne. A ce majalisa mai kujera 11 ce, kuma bayan an ware ƙuri'un da suka lalace an sami 11,000 masu kyau. Sai a raba 11,000 gida 11, a ga farashin kujera ɗaya ƙuri'a 1,000 ne. Jam'iyya ta farko ta sami 4,900, ta biyu 3,700, ta uku 1,500, ta huɗu 900. A rabon farko ta ɗaya ta ɗauki kujera 4, ta biyu 3, ta uku 1, ta huɗu ba ta kai farashi ba. An raba takwas, saura uku. Ragowar nan ana ba da su ɗaya bayan ɗaya: a duba wace jam'iyya ce, in an ƙara mata kujera guda, kowace kujerarta za ta fi nauyin ƙuri'a. Ta farko tana da 980, ta ɗauka. Ta biyu 925, ta ɗauka. Ta huɗu da 900 ɗinta ta ɗauki ta ƙarshe. Sakamako: 5, 4, 1, 1.

Duba da kyau, Malam. Jam'iyya ta farko ta zo ta ɗaya, magoya bayanta za su hau babura su zagaye gari da hon a daren nan. Amma magajin gari yana buƙatar fiye da rabin majalisa, wato shida. Idan sauran ukun suka haɗa kai, 4 da 1 da 1, su ke da shida, kujerar ta zama tasu. Mutumin nan guda da ya shigo da ƙyar da ƙuri'a 900, wanda ba wanda ya kula da shi ranar zaɓe, shi ne kowa zai kwana a ƙofar gidansa. Sau da yawa da kujerar mataimakin magajin gari ake sayen yardarsa, wani lokaci da abin da ya fi haka nauyi a aljihu.

Kafin a kai ga zauren akwai jira. Hukumar zaɓe ta CENI, wadda Maitre Issaka Souna ya jagoranta a lokacin, sakamakon wucin gadi take bayarwa. Kotu ce ke tantance shi ta saurari ƙorafi, kuma mai ƙorafi yana iya ɗaukaka ƙara har Yamai. Watannin da ka ce sun wuce, nan suka tafi, ga kuma zaɓen shugaban ƙasa da ya shiga tsakani har zagaye na biyu a 21 ga Fabrairu 2021. Bayan an gama ne prefe, wakilin gwamnati a gunduma, yake kiran zaman farko. A nan ake jefa ƙuri'a a asirce. Kuma ba kowane kansila ke iya tsayawa ba, domin dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta nemi magajin gari ya kasance yana da shaidar karatu ta BEPC ko makamanciyarta. A karkara wannan sharaɗi yakan sa dattijon da ya kawo wa jam'iyya ƙuri'un ƙauyuka goma ya koma gefe, malamin makaranta ɗan cikinsa ya hau kujera.

Kasancewar ƙuri'ar a asirce take shi ya haifar da al'adun da duk mai bin siyasar Nijar ya sani. Ana kwashe kansiloli a kai su wani gida a wani gari kwana biyu ko uku kafin zama, a karɓe wayoyinsu, a kawo su da mota ɗaya da safiyar zaɓe. Ana sa mutum ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai sauya ba. Duk da haka akan buɗe akwati a ga ƙuri'a guda ta tsallaka, a yi shekara ana zargin juna. Ni a ganina nan ne raunin tsarin yake: abin da dubban mutane suka yini a rana suna yi, mutum ɗaya yana iya juya shi cikin dare. Amma kada mu yi saurin yabon na maƙwabta. A Najeriya talaka da hannunsa yake zaɓen ciyaman, sai dai hukumar zaɓen jiha ce ke shiryawa, kuma an saba ganin jam'iyyar gwamna ta kwashe komai ba ta bar ko kansila ɗaya ba. Lissafin Nijar na wancan lokaci ko ba komai yana bai wa ƙaramar jam'iyya wurin zama, ya bar 'yan adawa su ci gari in suna da jama'a.

Sakamakon 2020 ya nuna haka. Daga kujeru 4,246 na ƙasa baki ɗaya, jam'iyyar PNDS-Tarayya mai mulki a lokacin ta sami 1,799. Ta yi wa kowa nisa, amma ba ta kai rabi ba, sai da ƙawance ta riƙe garuruwa da dama. Yamai kuwa ta faɗa hannun adawa: Umaru Dogari na jam'iyyar Lumana, wanda gwamnati ta tsige daga wannan kujera a 2013, shi ya dawo kanta a 2021. A jiharku zaɓen ya ɗauki zafi na daban, tunda manyan 'yan takarar shugaban ƙasa biyu duk nan ne gidansu na siyasa. Bazum Muhammad ya daɗe yana wakiltar Tasker a majalisar dokoki, Mahaman Usman kuma Damagaram ce cibiyarsa tun zamanin jam'iyyarsa ta CDS-Rahama. Mutane da yawa sun jefa ƙuri'ar kansila suna kallon fadar shugaban ƙasa, ba su ko tambayi sunayen da ke cikin jerin ba.

A cikin majalisar, kafin a rushe ta, akwai waɗanda ba a zaɓa ba: sarakunan gargajiya da 'yan majalisar dokoki na yankin. Suna zama, suna magana, amma ba su jefa ƙuri'a. Kada rashin ƙuri'ar ya ruɗe ka. A ƙasarku ta Muniyo, inda sarauta ta girmi ƙaramar hukuma da ɗaruruwan shekaru, kansilan da zai miƙe ya musa wa sarki a bainar jama'a sai ya shirya.

To me ake yi wa wannan kokawa? Ƙaramar hukumar Gure, bisa ƙidayar 2012, tana da mutum sama da 70,000, kuma galibinsu ba a cikin gari suke ba. Kafin a rushe ta, majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗi, tana zama na ƙa'ida sau huɗu a shekara. A lokacin magajin gari ke sa hannu a takardar haihuwa da ta aure, shi ke shugabantar kwamitin filaye na ƙaramar hukuma, inda ake kawo rigimar burtali da gona da izinin gina rijiya. A yankin da Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Larabawa da Buzaye ke shan ruwa a rijiyoyi ɗaya, wannan ba ƙaramin iko ba ne. Kai da ke bin kwaruruka ka fi ni sanin yadda rairayi ke gangarowa yana binne dabino da goruba da wuraren kanwa. Idan masu aikin dashe da kafa shingen tare rairayi suka zo, ta ofishin magajin gari suke bi, kuma wane kwari za a fara da shi magana ce da kansila mai baki yake iya jawowa ƙauyensu. Tikitin da kake yanka a kasuwa, da kuɗin da ake karɓa kan kowane raƙumi ko sa da aka sayar a kara irin ta Subdu, asusun ƙaramar hukuma suke shiga.

Sai dai asusun ba shi da ƙiba. Harajin lanho, wanda a ƙauyuka da yawa ya daɗe a kan sefa 700, dala 140 ke nan, masu gari ke tattarawa, kuma shekarar da damina ta gaza ba mai fuskar da zai je ya tambaya. A 2016 gwamnati ta sa hannu kan miƙa wa ƙananan hukumomi ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Takarda ta iso, kuɗin suka yi ta jan ƙafa. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, aka kuma tsaya ana zaginsa don bai yi sauri ba.

Saura rabi na biyu na tambayarka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 majalisun sun ci gaba da aiki na wasu watanni. Ranar 4 ga Afrilu 2024 Janar Abdurahman Tiani ya sa hannu kan dokar da ta rushe su duka, na ƙananan hukumomi da na manyan birane da na jihohi, aka naɗa kantomomin riƙo, akasarinsu masu kaki. Wa'adin shekara biyar da ka bai wa kansilanka bai cika ba ke nan.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin zaɓen nan. Na Fabrairun 1999, a zamanin Ibrahim Bare Mainasara, ya ƙare cikin rikici, kotu ta soke sakamakon wurare da yawa, kuma kafin a sake aka kashe shi ranar 9 ga Afrilu. Na 24 ga Yuli 2004, a mulkin Tanja Mamadu, shi ne na farko da ya zauna da gindinsa. Na Disamban 2009, lokacin tazarcen Tanja, 'yan adawa sun ƙaurace masa, sojojin Salu Jibo suka share shi bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. Waɗanda aka zaɓa a Janairun 2011 kuwa ya kamata su sauka a 2016, amma aka yi ta ɗage zaɓe ana ƙara masu wa'adi, ana jiran rajistar zamani mai hoton yatsa, har suka kusan shekara goma. A tsakanin nan majalisar ministoci ta tsige magadan gari da dama bisa zargin almundahana. Wato farar hula ma ba su riƙe ranar wannan zaɓe da daraja ba, kuma ina jin shi ya sa da aka rushe majalisun ba a ji kuka mai yawa daga talakawa ba.

Masu goyon bayan rushewar suna cewa kantoma ba ya bin kowa bashin ƙuri'a, ba ya raba filaye ga 'yan jam'iyya. Akwai gaskiya a ciki, wasu magadan gari sun yi abin kunya da filaye da kuɗin kasuwa. Amma ni ina tare da wanda za ka iya tarewa ran kasuwa ka riƙe masa riga, wanda ya san in bai gyara famfon ƙauyenku ba zai dawo neman ƙuri'a ya sha kunya. Kantoma daga sama aka turo shi, can kuma yake kai rahoto.

Zaɓe na gaba yana rataye ne da kundin mulkin riƙo da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025, wanda ya ɗiba wa mulkin riƙo wata 60, wa'adin da ake iya sauyawa gwargwadon halin tsaro, kuma a ranar aka rushe jam'iyyun siyasa duka. Tunda lissafin kujerun da na yi maka a kan jerin jam'iyyu ya ginu, sai an rubuta sabuwar dokar zaɓe kafin a sake kafa akwati. Kafin nan ofishin yana buɗe. Takardar haihuwar yaranka, shaidar sayen fili, kukan tikitin kasuwa, duk wurin kantoma da ma'aikatansa za ka kai. Rigimar gona ko ta rijiya kuwa ka fara da mai gari, in ta fi ƙarfinsa ta wuce fadar sarki, kuma duk sulhun da aka yi ka nemi a rubuta shi a ba ka kwafi.