Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwari sun addabi tabar bayan gidana

Tambaya: Malam, ina da 'yan kunyoyin taba a bayan gida. Baba ne ke daka ganyen ya sa kanwa, mata kuma su tsinki fure. Bana ganyen duk ya huje, wasu gindin kuma sun nannaɗe sun ƙi girma. Maƙwabcina ya ce in fesa musu Sniper. Mi ya kamata in yi? Daga mai karatu a Gwashi, ƙaramar hukumar Bukkuyum.

Amsa: Malam, ka bar shawarar maƙwabcin nan tukuna. Tumatir da alayyafo ana wanke su, a dafa. Taba kuwa shanya ta kawai ake yi, a daka, Baba ya dunƙula a baki, furen kuma kai tsaye yake zuwa haƙoran mata. Abin da ka fesa zai iya bin ganyen har can. Sinadarin da ke cikin maganin da aka ambata maka guba ne mai ƙarfi, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwa. Mutanen Anka da Bukkuyum kuma ba sa buƙatar wa'azi a kan guba a tsakar gida, tun bayan gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Bagega da Dareta da 'Yargalma a 2010.

Daga bayaninka, matsala biyu ce, ba ɗaya ba. Hujin ganye aikin tsutsa ne, galibi irin wadda ke cin auduga da tumatir. Tana ɓuya a cikin toho, can saman kai, ta ɗan ciji ganye tun yana jariri. Idan ganyen ya buɗe sai ƙaramin cizon ya zama babban rami, shi ya sa kake ganin ɓarnar ba ka ga mai ita ba. Ka buɗa tohon da yatsa. In ka ga baƙin kashi ƙanana, tana nan kusa. Ga mai kunyoyi kaɗan babu maganin da ya kai tsince ta da hannu sau biyu a mako, a watsa wa kaji. Amma a bari raɓa ta bushe, a sa riga mai dogon hannu, domin jiƙaƙƙen ganyen taba yana shigar da nikotin ta fata, ya kawo jiri da amai. Kada a tura yara wannan aiki.

Nannaɗewar ganye ita ce mai wuyar. Juya bayan ganyen ka kaɗa. Idan wasu fararen ƙwari mitsi-mitsi suka tashi, farin ƙuda ne, kuma shi ke ɗauko cutar daga wannan gindi zuwa wancan. Gindin da ya riga ya nannaɗe ba ya warkewa ko da me aka fesa masa. Tuge shi ka binne ko ka ƙone. Na san tuge abin da mutum ya dasa da ciwo, amma barin sa shi ke cinye sauran. Idan kuma ganyen yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka, to darɓa ce.

Farin ƙuda da darɓa, da ƙananan tsutsotsi, darbejiya tana maganinsu. Tattara 'ya'yan da suka nuna, ka shanya a inuwa, ka ɓare, ka daka rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Da safe ka tace da ƙyalle, ka narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye, ka fesa da yamma, musamman ta ƙarƙashi. Rana tana saurin kashe ƙarfinsa, don haka ana haɗa sabo kowane mako. Kada ka zaci za ka ga ƙwari sun zube nan take. Darbejiya hana su ci take yi, ta tauye girmansu, sai bayan kwanaki a ga bambanci. Ka dakatar da feshin kamar mako biyu kafin ɗiba, don kada Baba ya yi ƙorafin ɗaci.

Sauran aikin na baɗi ne. Kada ka maimaita taba inda aka cire tumatir, tattasai, gauta ko kuɓewa, domin abokan gabansu ɗaya ne, har da tsutsar ƙasa mai sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Wurin da aka yi gero ko dawa ya fi. In an gama ɗiba a tuge karan duka, kada a bar shi ya sake toho da rani ya zama masaukin farin ƙuda. Fille kai da cire 'ya'yan goyo suna rage wa tsutsa maɓoya, su ƙara wa ganye kauri, sai ka bar gindi biyu ko uku saboda iri da furen mata. Mai taba a hannu kuma ya wanke da sabulu kafin ya taɓa shuka, don akwai cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare wadda hannu ke yaɗawa, ba ƙwaro ba.

Bayan shanya akwai wani ɗan jan ƙwaro da ke huda busasshen ganye. Ka tabbatar ya bushe sarai, ka rufe a mazubin da iska ba ta shiga, kuma kada a sa masa ƙwayar da ake jefawa a buhun wake. Idan abin ya fi ƙarfin darbejiya, ɗauki ganyen da ƙwaron a leda ka kai wa malamin gona, ka gaya masa cewa wannan taba ta baki ce.