Wafil da Kindirmo a Karin Kumallo

Wata uwargida ta aiko mini da wasiƙa, ta ce maigidanta ya yo mata tsarabar injin gasa wafil, tun daga ran nan kuwa 'ya'yanta ba su yarda su karya kumallo da wani abu in ba shi ba. Amma da ta dubi yawan bota da sukarin da ƙullun ke ci sai hankalinta ya tashi, ta cire su ɗungurungum ta zuba yogot a madadinsu, abu ya fito mata da danƙo, ya manne wa ƙarfe har sai da ta kankare da cokali. Tambayarta ita ce, shin ana iya samun lafiya ba tare da an yi hasarar daɗi ba?

Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan himma, domin cikin yaro amana ce a hannun mai girka masa. Niyyarki daidai take, a wajen awo aka sami tangarɗa.

Shi wafil asalinsa abincin mutanen Beljiyam ne da Holan da arewacin Faransa, waɗanda tun zamanin da suke gasa ƙullu tsakanin ƙarafa biyu masu zane irin na saƙar zuma, galibi kuwa a ranakun idinsu da kasuwanninsu. Daga can ya ƙetara Amurka, inda wani mai suna Cornelius Swartwout ya yi rajistar nasa ƙarfen gashin a 1869, samfurin Beljiyam kuma ya shahara a baje kolin duniya na birnin New York a 1964. Na kawo wannan tarihi ne don ki fahimci cewa abin marmari ne aka mayar da shi cimar kullum, abin da kuwa aka tsara don ranar biki, in za a ci shi kowace safiya, wajibi ne a sake masa lissafi.

Yogot dai kindirmo ne, ba wani baƙon abu ba, sharaɗin kawai ya zama marar zaƙi, don na kanti mai ɗanɗanon 'ya'yan itace cike yake da sukarin da kike gudu. Fa'idarsa a ƙullu biyu ce. Yana ba da laushi da danshi irin wanda bota ke bayarwa, tare da sinadarin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi. Sa'an nan tsaminsa, idan ya haɗu da bekin soda, yana haifar da iskar da ke kumbura ƙullu. Duk macen da ta taɓa jefa 'yar kanwa a tukunyar yakuwa ta ga yadda take tasowa da kumfa, tsamin kuma ya kwanta, to ta riga ta ga wannan hikima da idonta. Sai dai ban ba ki shawarar sa kanwa a wafil ba, saboda ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, kuma tana iya ɓata launi da ɗanɗano.

Ga awon da na amince da shi ga gida mai mutum huɗu. Ki haɗa kofi ɗaya na fulawa da kofi ɗaya na garin alkama wanda ba a raba shi da dusarsa ba, ki sa ƙaramin cokali biyu na bekin foda, rabin ƙaramin cokali na bekin soda, da ɗan gishiri. A wani kwano dabam ki kaɗa ƙwai biyu da kofi ɗaya da rabi na kindirmo, rabin kofi na madara, babban cokali ɗaya na sukari, da babban cokali uku na man gyaɗa. Dusar nan ita ce ke jinkirta narkewar abinci, har yaro ya kai lokacin tara bai ji yunwa ba. Amma idan aka yi da alkama zalla wafil yakan yi nauyi, yara kuma su ƙi shi, don haka ki fara da rabi da rabi, in bakinsu ya saba ki riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Batun mai kuwa, nan ne asalin matsalarki, kuma ina roƙon ki kada ki sake cire shi baki ɗaya. Kindirmo mafi yawansa ruwa ne, ruwa kuwa turara abu yake yi, ba ya soya shi. Man da ke cikin ƙullu shi ne ke soyuwa a jikin ƙarfe mai zafi, ya ba da ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras, ya kuma sa wafil ya saki ƙarfen da kansa, kamar dai yadda masa ba ta barin tanda sai an ɗiga mata mai. Cokali uku a ƙullun mutum huɗu ba israfi ba ne.

Idan kin zo haɗa ruwa da gari, ki juya kaɗan ki bari, ko da kin ga 'yan gudaji, domin yawan bugu shi ke tayar da danƙon alkama. Ki bar shi minti biyar zuwa goma dusar ta jiƙa, amma kada ki kwaɓa da dare ki ajiye, gama sodar za ta gama aikinta a kwano. Ki bari ƙarfe ya yi zafi sosai, ki shafa masa mai, ki zuba, ki rufe, sa'an nan ki yi haƙuri: muddin tururi na fita ta gefe da ƙarfi bai nuna ba, sai ya lafa, bayan minti huɗu ko biyar. In kin cire kada ki jibga su kan juna, don gumi zai sa su yi laƙwas.

Abin da ya fi damuna, alhali uwaye ba su cika lura da shi ba, shi ne abin da ake kwararawa a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin jagorar da ta fitar a 2015, ta yi nasiha kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, in son samu ne ma rabin haka. Ruwan sukarin nan na kwalba kuwa, babban cokali biyu kacal ya lashe wajen rabin giram 50 ɗin nan. Zuma ma tana cikin lissafin duk da albarkarta, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Ki yanka ayaba ko gwanda ko mangwaro a lokacinsa, ki ɗora cokalin kindirmo, ki barbaɗa dakakkiyar gyaɗa. In ana son ƙarin zaƙi, dabino biyu da aka jiƙa aka dama sun wadatar. Kindirmon da za a ci haka ba gashi, ki tabbata daga tafasasshiyar madara aka yi shi. In kuma akwai mai ciwon sukari a gidan, ya tsaya a guda ɗaya, ya haɗa da dafaffen ƙwai, ya bi ƙa'idar da likitansa ya shimfiɗa masa.