Yaya Ake Haɗa Zaman Wasan Yaƙin Ƙananan Jiragen Sama?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya ga Turawa sun kewaye tebur suna tura 'yan jiragen sama na roba, yana son sanin wane wasa ne, kuma yaya suke haɗuwa.

To malam, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne Wings of War, wanda Andrea Angiolino da Pier Giorgio Paglia suka ƙirƙiro a Italiya a 2004, daga baya kamfanin Ares Games ya mai da sunansa Wings of Glory. Jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, irin su Sopwith Camel na Ingila da jan Fokker na Manfred von Richthofen na Jamus, an ƙanƙanta su sau 144. Kowa zai zaɓi kati uku na juyin jirginsa ya kife, sai a buɗe ɗaya bayan ɗaya. Idan abokin karawarka ya shigo gabanka, a auna da 'yar sanda. In ta kai shi, ya ja katin ɓarna. Daɗin wasan duk yana wajen cankar inda zai karkata.

Batun haɗuwa kuwa, galibi a shagon sayar da wasanni suke yi. Su tsayar da rana guda, a ce Asabar ɗin farkon wata, ba sa ɗagawa ko mutum biyu ne suka zo. A ganina wannan ne ke riƙe zaman. Mai shiryawa kan zo da rarar jirage don baƙo, a ba shi guda ɗaya, a haɗa shi da tsohon hannu, ya koya yana bugawa.