Yadda Ake Tsara Littafin Zambo Mai Zane a Kan Ma'aikatar Harkokin Waje

Littafin labari mai zane shi ne wanda hotuna ke ɗaukar nauyin labarinsa, a jere cikin ƙananan akwatuna, maganganun 'yan wasa kuma a rubuce cikin da'irori kusa da bakunansu. Misalin da ya dace a bi shi ne Quai d'Orsay, wanda kamfanin Dargaud ya buga a Faransa cikin juzu'i biyu, a 2010 da 2011, sunansa kuwa na titin da ma'aikatar harkokin wajen ƙasar take ne a birnin Paris.

Matakin farko shi ne samun ɗan gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Antonin Baudry, wanda ya yi aiki tare da ministan harkokin waje Dominique de Villepin, shi ya kawo abin da ya gani, sa'annan ya fake da sunan Abel Lanzac saboda yana cikin aikin gwamnati, ya haɗa kai da mai zane Christophe Blain.

Mataki na biyu shi ne sauya sunaye ba tare da ɓatar da kamanni ba, ta yadda ministan ya koma Alexandre Taillard de Vorms, Iraƙi kuma ta koma Lousdem. Daga nan sai a zaɓi baƙon ido wanda mai karatu zai shiga ma'aikatar tare da shi, wato Arthur Vlaminck, matashin da aka ɗauka don rubuta jawabai, wanda ake ta mayar masa da daftarinsa ya sake.

Mataki na uku, wanda shi ne ƙashin bayan aikin, shi ne mayar da hali ya zama motsi. Ana fara zanen gwaji da fensir, a auna yawan akwatunan kowane shafi, domin ƙananan akwatuna a jere suna nuna gaggawa, babba guda kuma yana tsayar da ido, kafin a bi da tawada da launi. Blain ya zana ministan da faffaɗar kafaɗa da dogon hanci, yana banko ƙofa takardu na tashi sama, yana shafa wa littattafai rawayar alƙalami tare da ambaton Heraclitus, masanin falsafar Girka.

A ƙarshe sai a ɗaure labarin da wani lamari mai nauyi, kamar yadda juzu'i na biyu ya nufi jawabi irin wanda de Villepin ya yi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 14 ga Fabrairu 2003, yana adawa da yaƙin Iraƙi. Wannan adalci, na nuna hargitsin ofis tare da amfanin da ya haifar, shi ya raba zambon da zagi. Juzu'in ya ci kyautar littafi mafi kyau a bikin littattafan zane na Angoulême a 2013, inda Baudry ya bayyana sunansa na gaskiya.