Sabu, Yaron Giwa: Darasi Ga 'Yan Makaranta

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu na sha'awar 'yan wasan sinima. Shi ya sa na ga ya dace in kawo muku tarihin wani yaro Musulmi mai suna Sabu, don mu auna ribar suna da hasararsa.

An haifi Sabu a ƙasar Maisur ta kudancin Indiya cikin 1924. Ubansa mai kiwon giwa ne, ya kuwa rasu tun Sabu na ƙarami. Yadda yaro a garinmu Maska ke tashi da fartanya da tsinkar auduga, haka shi ya tashi a garken giwayen Sarkin Maisur. A nan wani Ba'amurke, Robert Flaherty, ya gan shi, ya sa shi cikin fim mai suna Elephant Boy, wanda ya fito a 1937.

Daga nan sai likkafa ta ci gaba. Aka tafi da shi Ingila tare da wansa. A 1940 ya fito a matsayin Abu cikin The Thief of Bagdad, wato Ɓarawon Bagadaza, a 1942 kuma ya yi Jungle Book a Amurka. A 1944 ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya shiga sojan sama, ya yi aikin harbi daga jirgin yaƙi har aka ba shi lambar yabo.

To, amma da ya komo daga yaƙi sai ya tarar kasuwarsa ta fara ja da baya. Mene ne dalili? A ganina masu shirya fim ba Sabu suke so ba, ƙuruciyarsa suke so, da rawani da giwa. Da ya zama magidanci ba su ba shi matsayin manya ba. Ya koma ƙananan finafinai, har ya yi wasa da giwaye a dandalin 'yan kallo a London. Abin mamaki, bai taɓa fitowa a fim ɗin Indiyawa ba.

Sa'arsa ɗaya, bai dogara da sinima kaɗai ba. Ya yi aure a 1948, ya sami 'ya'ya biyu, ya kuma haɗa jari da wansa suna sayar da kujeru da gadaje. A 1960 aka harbe wan a wani fashi. Shi kuma Sabu ciwon zuciya ya yi ajalinsa a 1963, yana da shekara 39.

Abin da na koya shi ne, abincin da ƙuruciya ta kawo, girma ke ɗauke shi. Duk wanda Allah ya ba baiwar wasa a cikinmu, ya yi, amma ya riƙe karatu da sana'a. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu dace, amin.