Darasin Kiwo: Kazar Wake-Wake Ta Gasa

Jama'ar Kwangila, alƙalan gasar kaji suna duba launi da ƙira da lafiya. Mai son tsantsar wake-wake sai ya kiyaye waɗannan:

1. Zaɓi zakara da kaji masu zane iri ɗaya. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10.
2. Killace kajin mako 3 kafin ka tara ƙwan kwanci, domin barbarar wani zakara takan daɗe a jikin kaza.
3. Kada zakara ya barbari 'ya'yansa, iri zai raunana.
4. Ƙwai yakan ƙyanƙyashe a kwana 21. A yi wa 'yan tsaki rigakafi.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi cibiyar binciken dabbobi ta Shika.

Tambaya: Me ya sa ake killace kaza?