Farfaɗiyar da Ba Ta Ka da Yaro

Da zarar an ambaci farfaɗiya, abin da kan zo wa mutane a rai shi ne yaro ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, bakinsa na kumfa. Wannan nau'i ɗaya ne kawai. Akwai wadda ba ta ka da yaro ko kaɗan, ita ce kuwa ta fi ɓuya wa iyaye da malamai.

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta ɗan tartsatsin lantarki, bi da bi. Idan tarinsu suka saki tartsatsin gaba ɗaya, sai aikin wannan sashe ya rikice na ɗan lokaci. Alamar da za a gani ta danganta da sashen da abin ya shafa.

Ga alamomi uku da ya kamata a sa wa ido:

1. Ɗalibi ya tsaya cak a tsakiyar magana, ya ƙura ido kamar daƙiƙa 10, a kira shi bai amsa ba, sannan ya ci gaba bai san abin da ya faru ba. Sau da yawa irin wannan yaro bulala yake sha, wai ba ya mai da hankali.

2. Jaririn da bai cika shekara ba ya riƙa sunkuyar da kai farat ɗaya yana zabura da hannuwa, sau da yawa a jere, musamman in ya farka daga barci. Wannan na bukatar likita cikin gaggawa.

3. Jijjiga tare da zazzaɓi, wadda ta fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Yawanci ba farfaɗiya ba ce, amma zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau kan zo da ita, don haka dole a kai yaron asibiti.

In yaro ya faɗi, a kwantar da shi a kan gefensa, a kawar da shi daga wuta da ruwa. Kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa komai, kada a danne shi. Miyaunsa ba ya sa wa kowa ciwon. In abin ya wuce minti 5, a garzaya da shi asibiti.

Da wuya likita ya ga abin da idonsa. Bayaninku zai dogara da shi kafin ya yi gwaji. Saboda haka ku lura da yadda ya fara, da gaɓar da ta motsa, da tsawon lokacin da ya ɗauka, ku rubuta, ko ku ɗauki hoton bidiyo da waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Wataƙila malamin aji ne zai fara gano yaron da ke bukatarsa.